Kundin koyon kula da kasada: kwalbatin rafi kafin faɗuwar damina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mu uku ne, duk injiniyoyin gine-gine. Mun shirya karatu daren Alhamis, zuwa wurin aiki ranar Asabar, don abin da muka karanta kan kula da kasada mu gwada shi a ƙasa tun bai huce ba. Aikin gwajin kwalbati ne mai baki biyu, kowane baki faɗin mita 2, tsayi mita 1.5, tsawonsa mita 8, a kan hanyar burji da ta tsallaka wani rafi a kudancin Kano. Ƙungiyar raya garin ce ke biya da kuɗin karo-karo. Kwangila naira miliyan 26, mu ne masu sa ido.

Mun fara da raba kalmomi, don a zaman farko kowa na cewa haɗari yana nufin abin da ya ga dama. Mun tsaya a kan haka: kasada ita ce abin da bai faru ba, yana iya faruwa, yana iya ƙi. Matsala ita ce wadda ta riga ta faru. Hatsari kuma mun bar shi ga abin da ya taɓa jikin mutum. Ƙa'idar ISO 31000, wadda ta fito a 2009 aka sabunta a 2018, ta ɗauki kasada a matsayin tasirin rashin tabbas a kan abin da aka sa gaba. Ke nan sai ka san abin da ka sa gaba kafin ka san kasadarka. Namu huɗu ne: kwalbatin ya ɗauki ruwan rafin, a gama kafin 15 ga Mayu, kada kuɗi ya wuce abin da ƙungiya ke da shi, kada kowa ya ji ciwo.

Kuɗin da aka kashe: buga zane da takardun karatu, naira 18,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Zagayen wurin aiki da ɗan kwangila, kafinta, mai ɗaurin rodi da dattawa biyu. Mun dawo da abubuwa 31 a rajistar kasada, amma da muka zauna tantancewa sai muka ga rabinsu ba su da amfani yadda aka rubuta su. Misali an rubuta "ruwan sama". To sai me? Ruwan sama ba kasada ba ne, kowa ya san zai zo. Muka sake rubuta kowace da gaɓa uku, dalili, abin da zai faru, da illarsa: saboda ramin tushe yana tsakiyar rafi, idan aka yi ruwa mai ƙarfi kafin a cire katako da tokare, kara da shara za su toshe bakin, ruwa ya ƙwaƙule ƙasar gefe ya tafi da katakon. Da an rubuta ta haka, maganinta ma sai ya fara bayyana da kansa.

Bayan haɗe masu kama da juna sun koma 19. Mafi amfani ba daga bakinmu suka fito ba. Kafinta ne ya ce azumi zai kama a tsakiyar aikin, lebura ba zai ɗauki kwanon kankare da azahar a zafin Maris ba. Ɗaya daga dattawan kuma ya ja mu wajen wata ɗorawa a bakin rafin, ya ɗora tafin hannunsa a jikinta ya ce, "Yaro, nan ruwa ya kawo shekarar da ya ci gonar gero ta can." Akwai tabo a ɓawon, inda itacen da ruwa ya kwaso ya daki jikinta. Muka ce, "Baba, ka tabbata nan ne?" Ya ce da idonsa ya gani. Muka sa na'urar lebur: mita 1.9 sama da ƙasan rafin.

Alhamis, 23 ga Janairu

Jadawalin auna kasada mai gida 25: yiwuwa daga 1 zuwa 5, girman illa daga 1 zuwa 5, a ninka su. Sauƙinsa ne ya sa kowa ke son sa, amma mun gano inda yake ruɗi. Jinkirin tifar yashi ya samu yiwuwa 5, illa 1, maki 5. Ruftawar bangon rami a kan lebura ta samu yiwuwa 1, illa 5, ita ma maki 5. Jadawali ya jera su sahu ɗaya, alhali ɗaya ɓata wuni ce, ɗaya jana'iza. Lambobin nan matsayi ne kawai, 4 ba ninkin 2 ba ne a naira ko a kwanaki, don haka ninka su ba lissafi ne na gaske ba.

Gyara biyu muka yi. Kowane mataki ya samu ma'auni a rubuce: illa 3 tana nufin asarar naira 500,000 zuwa miliyan 1.5, ko jinkirin kwana 4 zuwa 7. Sannan duk abin da illarsa ta kai 5 sai an yi masa magani, komai ƙanƙantar makinsa. Na ramin: a kwantar da gefensa ɗaya-bisa-ɗaya, a tara ƙasar da aka haƙo aƙalla mita ɗaya daga baki, a sa tsani biyu. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya haura tan ɗaya da rabi, ba abin da mutum zai ture daga ƙirjinsa ba ne.

Talata, 28 ga Janairu

An sa wa kowace kasada mai riƙe da ita da ranar dubawa. Babu fita.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tabon ɗorawar nan bai bar mu mun zauna ba, sai muka koma kan lissafin ruwa na mai zane. Ya yi amfani da sananniyar dabarar ƙananan magudanai: Q = 0.278 × C × I × A. A ita ce faɗin ƙasar da ke zubo ruwa cikin rafin a murabba'in kilomita, I ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa, C kason ruwan da ke gudu bai nutse ba. Ya sa A 1.8, I 75, C 0.30, ya samu kubik mita 11.3 a daƙiƙa. Baki biyu, faɗinsu duka murabba'in mita 6, in ruwa na gudun mita 2.5 a daƙiƙa, za su wuce da 15. A takardarsa akwai sarari.

Da muka zana iyakar magudanar a QGIS, manhajar zana taswira, da hoton tauraron ɗan'adam, muka bi ta da babur don tabbatarwa, A ta fito 2.4. Tsohuwar taswirar da ya yi aiki da ita ba ta nuna wani lambatu da aka karkato daga sabuwar unguwa ba. Unguwar kanta rufin kwano ne da tsakar gida mai siminti inda da gonaki ne, don haka muka ɗaga C zuwa 0.40. Da I ɗinsa, ba mu taɓa ta ba, Q ta koma 20. Kwalbatin ya gaza da kubik mita 5 a daƙiƙa, tun kafin a yi maganar karan dawa da leda da za su rage bakin.

A nan muka tsaya kan abin da ake kira ambaliyar shekara 25, wadda aka yi zanen da ita. Mutane na ɗauka sau ɗaya take zuwa duk shekara 25, kamar mai jiran layi. Ma'anarta ita ce kowace damina akwai yiwuwar 1 cikin 25. Yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya cikin shekara 25 ita ce 1 a cire 0.96 da aka ninka da kansa sau 25, wato kashi 64 cikin ɗari. Ko da ta shekara 50 aka yi zane, cikin shekara 25 yiwuwar kashi 40 ce. Bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 an yi ta cewa rabon Maiduguri da irin wannan ambaliya tun 1994. Mai jin haka kada ya ɗauka an ba shi hutun wasu shekara talatin, damina ba ta riƙe lissafin bara.

Man babur da abinci: naira 14,500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zama da kwamitin ƙungiya a zauren mai unguwa. Shugaban ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Injiniya, mu da muke tara dubu biyar-biyar, ina za mu samo ƙarin miliyoyi?" Muka ce, "Alhaji, zaɓi uku ne, kowanne da farashinsa." A bar zane yadda yake a rungumi ƙaddara. Ko a bar baki biyu, a sassauto hanya ta gefe ɗaya a daɓe ta da dutse da siminti don rarar ruwa ta bi ta sama ba tare da ta yanke hanyar ba, naira miliyan 2.1, amma ranar babban ruwa mota sai ta jira. Ko a ƙara baki na uku, faɗi ya koma murabba'in mita 9, ya ɗauki 22.5, naira miliyan 6.2. Suka zaɓi na uku saboda hanyar ce ta asibiti da kasuwa. Kwangila ta koma miliyan 32.2, kankare kubik mita 58, siminti buhu 406 a kan buhu 7 kowane kubik, rodi tan 6.4.

Daga nan lissafin kuɗin ko-ta-kwana, maimakon kashi goma da ake ɗorawa da ka. Kowace kasada, yiwuwarta sau asararta. Tashin siminti da kashi 15 a kan naira 9,800 buhu: asara 597,000, yiwuwa kashi 40, ya ba da 239,000. Wanda ya sayi siminti a Fabrairun 2024, lokacin da farashi ya yi tsalle cikin 'yan makonni, ba zai ce mun yi zuzutawa ba. Tashin rodi, 320,000. Tushe mai laushi, miliyan 1.8 sau kashi 30, 540,000. Kankare ya faɗi gwaji, miliyan 2.5 sau kashi 10, 250,000. Jinkirin biya, 300,000. Ruwa ya riski aikin, miliyan 5 sau kashi 15, 750,000. Jimla miliyan 2.4, kusan kashi 7.5 na kwangila.

Mun gaya wa kwamiti gaskiyar wannan lamba. Ruwa ba ya zuwa kashi 15. Ko bai zo ba a kashe sifili, ko ya zo a nemi miliyan 5, kuma 750,000 ba za ta yi komai ba a ranar. Irin wannan lissafi ya fi dacewa da mai ayyuka da yawa, wanda asarar wani ke shiga ribar wani. Mai kwalbati ɗaya gara ya kashe ƙarfinsa wajen hana babbar ta faru.

Matakan da aka ɗauka: sayen rodi duka yanzu, siminti kashi biyu. Sayen wuri ya haifo nasa kasadar, sata da daskarewa, don haka maigadi a naira 60,000 a wata daga aljihun ɗan kwangila, siminti a kan katako, kada jeri ya wuce buhu goma. An rubuta a yarjejeniya cewa tashin farashi ƙasa da kashi 5 na ɗan kwangila ne, abin da ya haura a raba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwanaki. Ɗan kwangila ya ce kwanakin aiki 56, ya miƙa ranar 25 ga Afrilu. Muka bi dabarar PERT, wadda sojan ruwan Amurka suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1950 don aikin makamin Polaris: kowane mataki a ba shi lamba uku, in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da in abu ya cije. A haɗa ta farko da ta ƙarshe da ta tsakiya sau huɗu, a raba shida.

Haƙa da karkatar da rafi 4, 6, 12, ya ba da 6.7. Daɓen ƙasa 6, 8, 14, ya ba da 8.7. Bangaye 7, 10, 18, ya ba da 10.8. Dekin, wato rufin saman da mota za ta hau, 6, 9, 16, ya ba da 9.7. Jiran kankare ya yi ƙarfi 14. Ciko da haɗa hanya 6, 9, 18, ya ba da 10. Jimla 60, wato 30 ga Afrilu in an cire kwana uku na Sallah. Lambar ɗan kwangila jimlar na tsakiya ce cif, kuma yiwuwar cika ta kusan kashi 15 ce. Ba ƙarya ya yi ba. Aiki na iya saurin kwana biyu, amma yana iya jinkirin kwana takwas, shi ya sa matsakaici kullum yake bayan abin da aka saba.

Mun yi kuskure ɗaya muka gyara. Da muka gina gwajin Monte Carlo a Excel, inda kwamfuta ke zaɓar kwanakin kowane mataki kamar ƙuri'a tana maimaita lissafin, zagaye 5,000, matsakaici ya fito kusan 64, muka ɗauka mun ɓata dabara. Ashe rabon da muka zaɓa mai siffar alwatika ne, shi kuwa haɗa lambobin uku yake ya raba uku, yana ba wa mummunar lamba nauyi fiye da PERT. Duk biyun zato ne, babu wanda aka saukar daga sama. Abin da ya fi damunmu shi ne zaton cewa matakan ba su da alaƙa. In an ɗauka haka, ranar da muke da tabbacin kashi 80 ita ce kwana 63. In an ɗauka abu ɗaya ke jan su duka, kamar azumi ko ƙarancin ma'aikata, sai ta koma 67, wato 8 ga Mayu. Mun rubuta 8 ga Mayu, saura mako ɗaya tsakaninta da wa'adinmu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An fara haƙa. An yanka hanyar wucin gadi ta gefen arewa don babura da amalanke.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kasada ta 7 a rajista, tushe mai laushi, ta zama matsala. A gefen kudu, zurfin mita 1.4, an tarar da yashi sako-sako da ruwa na tsattsafowa, ƙarƙashinsa baƙar laka da rodi ke shiga da hannu ɗaya har kamu uku. Gefen arewa marmara ce mai tauri. Daɓe ɗaya a kan ƙasa iri biyu, gefe ɗaya zai zauna ya bar ɗaya, ya tsage a tsakiya.

Abin haushin shi ne maganin yana cikin rajista tun 28 ga Janairu: a haƙa ramin gwaji biyu, mita 2, ɗaya kowane gefe, kafin a fara. Ɗaya kawai aka haƙa, a gefen arewa, aka tsaya a mita 1.2 da aka ji tauri. A gurbin mai riƙe da ita mun rubuta "ɗan kwangila da injiniya". Kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Yau mun bi rajistar layi-layi, duk inda suna biyu yake mun goge ɗaya.

Gyara: ƙarin haƙa santimita 60 a rabin kudu, ciko da fasasshen dutse hawa uku ana dannewa da inji kowane santimita 20, injin zuƙe ruwa a wani ɗan rami a kusurwa don kada ya tsotse yashin daga ƙarƙashin aikin. Katangar da ke hana ruwa bi ta ƙarƙashin daɓe, gaba da baya, an zurfafa ta zuwa mita ɗaya. Kuɗi miliyan 1.35, ya rage miliyan 1.05 a ko-ta-kwana.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An gama haƙa, kwana 11 maimakon 7. Gobe siririn kankaren share fage, gobe kuma ake sa ran ɗaukar azumi.

Laraba, 5 ga Maris

Ranar Litinin mun tarar mai ɗaurin rodi ya ɗaure kusan sulusin tabarmar ƙasa da rodi mai milimita 12 a tazarar 150, alhali zane ya ce mai 16 a tazarar 200. Hujjarsa: "Injiniya, na matso da su ai, ƙarfen ya ma fi yawa." A ido haka ne. A lissafi, mai 16 yankinsa murabba'in milimita 201, biyar a mita, 1,005. Mai 12 yankinsa 113, a tazarar 150 ya ba da 754. An rage kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin mai 12 ya maye gurbin sai tazara ta sauko 110. An kwance.

Dalilin da ya sa ya canza ya fi canjin muni: ya ce mai 16 ɗin da aka kawo bai yi masa kama da 16 a hannu ba. Muka yanki mita ɗaya-ɗaya daga ɗauri uku muka kai sikelin mai sayar da hatsi. Ya kamata mita ta yi kilo 1.58. Biyu sun yi daidai, na uku kilo 1.33, ya gaza da kashi 16, kaurinsa na gaske wajen 14.7. An mayar wa dillali wannan ɗaurin, canji ya iso yau. Da an auna ranar da aka sauke, tsakiyar Fabrairu, da ba a rasa ko wuni ba. A rajista mun kula da farashin rodi, mun manta da ingancinsa.

Karatun makon nan ya zo daidai: ruftawar gadojin tafiya na otal ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas na Amurka, 17 ga Yuli 1981, mutum 114 suka mutu. A zanen asali sanda ɗaya ce ke saukowa daga rufi, ta ratsa gadar hawa na huɗu ta riƙe ta hawa na biyu, kowace gada da nata noti. Don sauƙin haɗawa aka raba sandar biyu, aka rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. Nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka, aka amince da zanen ba tare da an sake lissafi ba. Canjin da ya zo da sunan sauƙaƙa aiki shi ya fi wucewa ba a duba ba, don ba ya kama da canji. Mun buɗe littafin canji a wurin aiki: abin da zane ya ce, abin da ake so a yi, dalili, lissafi, sa hannu. Babu sa hannu, babu canji, ko na tazarar rodi ɗaya ne.

Alhamis, 13 ga Maris

An zuba daɓen ƙasa daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. An ɗauki dunƙulen gwaji shida. Kwaɓin ƙarshe ya ɗan yi ruwa, an yi magana, an wuce.

Alhamis, 20 ga Maris

Bangaye biyu ranar Talata, biyu yau. Injin kwaɓi ya tsaya awa uku, bango na ƙarshe ya kai bayan azahar.

Alhamis, 27 ga Maris

Sakamakon kwana 7. Kankaren mai daraja 25 ne, wato ƙarfin da ake so dunƙulen gwaji ya kai a kwana 28, a kwana 7 muna sa ran kusan kashi biyu cikin uku, wato 16 zuwa 17. Bangaye uku sun ba da 18.2, 17.5 da 17.9. Na huɗu, bangon ciki da aka zuba da rana, 11.8. In ya bi yadda aka saba, a kwana 28 zai tsaya wajen 17 ko 18.

Mun bi sawun dalili. Buhu ɗaya lita 25 na ruwa aka ƙayyade. Da rana, ga ƙishirwar azumi ga zafi, kankare na saurin kamewa a kwano, sai mai injin ya riƙa ƙara bokiti don ya yi laushin zubawa. Gwajin mazurari, mai auna yadda kwaɓi ke zaunawa in an zare mazurarin da aka cika da shi, ya nuna wannan kwaɓin ya sauka milimita 150, muna neman 50 zuwa 75. An rubuta lambar a littafi, ba wanda ya tsayar da zubi. Ga kuma tifar yashi ta ƙarshe daga wani wuri aka ɗebo ta: mun zuba a kwalba da ruwa da ɗan gishiri muka girgiza, bayan awa uku laka ta kwanta a sama kashi 11, iyakar da muka sa kashi 6 ce.

Me ya hana a tsayar? Saboda ranar 13 ga wata ma kwaɓi ya yi ruwa, dunƙulen daɓen kuma suka tsallake da kyar, sai ruwa-ruwan ya zama abin da aka saba. Irin wannan ne ya faru da kumbon Challenger. An sha ganin zoben roba na mahaɗar roka ya ƙone kaɗan a tashin baya ba abin da ya faru, har aka daina ɗaukar sa alamar tsayawa. Ranar 28 ga Janairu 1986 aka harba shi cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, duk da injiniyoyin rokar sun ba da shawarar a dakata, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da mutum bakwai. Namu bango ne na kubik mita 3, amma hanyar tunanin ɗaya ce. Awo da ba a ɗaura masa hukunci ba ado ne. Yanzu an rubuta a allo kusa da injin: ya wuce 90, a zubar.

Shawara uku a gabanmu. A jira sakamakon kwana 28, a rasa mako uku, ba mu da su. A ci gaba da dekin a yi fatan alheri: mun ƙiyasta kashi 70 zai faɗi, gyara bayan dekin ya hau miliyan 4.5, wato miliyan 3.15 a ma'auni. Ko a fasa bangon yanzu a sake zubawa, naira 950,000 da kusan mako ɗaya. An zaɓi fasawa. Laifin na ɗan kwangila ne, yarjejeniya ta ce shi zai biya, amma in aka matse shi ya gudu ya bar rami a tsakiyar rafi, ƙungiya ce za ta kwana ciki. Kwamiti ya ba shi siminti buhu 21, naira 206,000, sauran nasa. Ko-ta-kwana ta koma 844,000.

Asabar, 5 ga Afrilu

An fasa bangon kafin Sallah da guduma da kurfi, an bar rodin, an goge shi da buroshin ƙarfe. Yau aka sake zubawa da asuba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sabon bango ya ba da 18.6. Siminti kashi na biyu ya zo a naira 10,000, bai kai kashi 5 ba. An rufe kasadar farashi da ta jinkirin biya.

Asabar, 19 ga Afrilu

An zuba dekin ranar Alhamis, daga ƙarfe huɗu na asuba, da fitilu da janareta da tankar ruwa, naira 110,000. An rufe shi da buhunan algarara ana jiƙawa sau huɗu a wuni. Ya rage 734,000.

Mun kwatanta hasashe da abin da ya faru. Daga farawa zuwa zuba dekin PERT ta ce kwana 36, mun ci 49. Haƙa ta ɗauki ƙarin 4, daɓe 2, bangaye 6, sauran ɗan canji. Wannan ya tura mu bayan ranakun tabbacin kashi 80 da muka zana, har mai tsanani ta kwana 67. Mun gano inda ramin yake. Tushe mai laushi da faɗuwar kankare duk suna cikin rajista, mun sa musu naira, amma ba mu sa musu kwanaki a jadawalin lokaci ba. Lambobi ukun da muka ba kowane mataki jinkirin yau da kullum kawai suka ɗauka, ba aukuwar wani abu daban ba. Rajista tana gefe, jadawali yana gefe, ba su gaisa ba. Kuma a wannan aiki kowane wuni da aka rasa yana ƙara kusanto da kasada mafi tsada. Mun sake gina gwajin Excel ɗin, kowace kasada ta zama kunnawa ko kashewa bisa yiwuwarta, in ta kunnu ta zuba kwanakinta a matakin da ta shafa.

Saura kwanakin aiki 24 daga jiya, wanda ya kai mu 15 ga Mayu daidai, babu rarar ko wuni. Mun ɗaga yiwuwar ruwa ya riske mu zuwa kashi 30, miliyan 1.5 a ma'auni, ninkin abin da ke hannu. Jiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas ya watse, kafinta ya ce wannan hadarin shi ne haɗarin.

Shirin mako biyu masu zuwa. Tokaren da ke cikin bakunan uku su ne tarkon kara, don haka an ajiye dunƙule uku a kan dekin suna shan rana da ruwa irin nasa, za a fasa su 28 ga wata. In sun kai 17 a cire tokare, amma mota ba za ta hau ba sai kwana 28 sun cika. Fukafukan gefen da ruwa ke shigowa da daɓen dutsen gabansu za a gama su kafin na baya. Ciko a bayan bangayen waje hawa-hawa, santimita 15, gefe biyu a tare don kada ƙasa ta tura kwalbatin gefe guda. Buhunan yashi 300 a bakin hanyar karkatar da ruwa, naira 95,000. Siminti, injin kwaɓi da katako su kwana a tudu kullum. Maigadi ne mai riƙe da ƙararrawa: in ya ga walƙiya ta gefen da rafin ke fitowa, ya kira kafinta, kafinta ya kira mutum huɗu da aka riga aka ba lambarsu. Zaman kwamiti Talata, za mu nemi izinin a ɗauko ƙarin leburori shida don ciko.